Birkin tsohuwar Peugeot: yadda ake gane ciwonshi da yadda ake gyara shi

Jama'a masu saurarenmu na gundumomin Tasawa da Mayahi, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas ko Kano, yau batun birki muka ɗauko, na tsofaffin motocin nan da har yanzu ke kai mu kasuwannin ƙauye. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa tsakanin Tasawa da Urafan, ko daga Mayahi zuwa Kanambakashe, ya san direban da sai ya taka feda sau uku kafin mota ta fara jin magana, yaron mota kuma yana maƙale a baya da guntun icce a hannu, yana jiran ya diro ya sa weji. Mun saba da abin har ya zama na dariya. Amma motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyu na famfon feda sun wuce mita 30, kuma a cikin mita 30 ɗin nan ne amalanke ko yaro mai koro awaki yake.

Mun rubuta wannan ne don a ajiye a riƙa dubawa: mai mota ya san abin da zai faɗa wa makanike, wanda ke waje kuma in aka kira shi aka ce a aiko kuɗin gyaran birki, ya san tambayar da zai yi.

Wace mota muke magana

Peugeot, wadda muke ce wa Pijo, ita ce misalinmu. 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo a 1968. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, lokacin da Turai ta daɗe da barin ta. Shi ya sa kayan gyaranta ba su yanke ba a ƙasar Hausa. Abin da za mu faɗa ya shafi tsohuwar Land Rover da Land Cruiser da Hiace ma, don tsarin birkin mai duk ɗaya ne.

Ga yadda yake aiki a taƙaice. In ka taka feda, tana tura fistan a cikin babban famfo da ke ƙarƙashin bonet, wanda makanikanmu ke kira metir-silinda, na Najeriya su ce masta. Famfon ya matsa man birki cikin siraran bututun ƙarfe da tiyo na roba zuwa ƙafafu huɗu. A ƙafar da ke da faifai, wato diski, mai yana tura fistan ya matse plaket biyu a jikin faifan. A ƙafar da ke da tambur, wanda a Kano ake ce wa diram, wani ƙaramin silinda ne ke buɗe garnitir biyu su goga a cikin tambur ɗin. Tsakanin feda da famfo akwai wata baƙar tukunya mai faɗi, mastabak, wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi da zuƙar iska daga inji.

404 ta farko tambur ce ƙafa huɗu. 504 salun da yawa diski ne gaba da baya, amma doguwar mai ɗaukar iyali da akori-kura diski ne a gaba, tambur a baya. Wannan bambanci a riƙe shi, don an sha sayo kayan salun a kawo wa akori-kura.

Feda ita ce likita ta farko

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a zauna a kujerar direba, mota a tsaye, a saurari abin da ƙafa ke ji.

In feda ta yi laushi kamar an taka soso, tana lotsawa tana dawowa, to iska ce ta shiga layi. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafarka ya ƙare wajen matse iskar maimakon plaket. Amma iska ba ta shiga haka kawai. Ko an bar kwalbar mai ta bushe, ko akwai yoyo, ko an buɗe layi an rufe ba a fitar da iskar ba. Fitar da iska ba tare da an gano ta inda ta shigo ba, aikin sati ɗaya ne.

In ka taka ka riƙe da ƙarfi daidai wa daida na rabin minti, ka ji feda tana sauka sannu sannu har ƙasa, mai ne ke gudu. A leƙa kwalba. In man yana raguwa, yoyon na waje ne: a duba bayan kowace taya, a bi bututu da hannu, a ɗaga robar ƙura ta silindan tambur, in da danshi a ciki ya mutu. In kwalba ba ta raguwa amma feda na sauka, robobin cikin babban famfo ne suka cinye, mai yana kewaye su yana komawa baya. Akwai kuma na uku mai ruɗa mutane: mai yana ƙarewa, ƙasa kuma ba ɗigo ko ɗaya. Wannan famfo ne ke yoyo ta baya yana zuba cikin mastabak. A kwance noti biyu da ke riƙe da famfon a ja shi kaɗan, za a ga jiƙa. A motar esansi wani lokaci har farin hayaƙi take yi ta salansa, don inji yana zuƙar man yana ƙonawa.

In feda tana tafiya nesa kafin ta kama, amma in ta kama da tauri take, kuma taka na biyu yana kamawa sama, galibi garnitir na baya ne suka yi nisa da tambur. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a motocinmu, kuma shi ya fi arha: a ɗaga ƙafar, a matso da garnitir da abin saitin da ke wurin har taya ta fara gogawa, sannan a sassauta kaɗan ta juya da hannu. Wata alama ita ce birkin hannu shi ma yana tashi sama sosai kafin ya riƙe. Kada a fara da ɗaure wayar birkin hannu. A saita garnitir tukuna, waya daga baya.

In kuwa feda ta yi tauri kamar dutse, direba har yana tashi daga kujera amma mota ba ta tsayawa, a zargi mastabak. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. A kashe inji, a taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, a riƙe ta, a tada inji. In mastabak na da lafiya za a ji feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. In ba ta motsa ba, a fara duba kaurin tiyon da ke zuwa mishi, don zafin rani yana tsattsaga shi, kuma tiyo bai kai kuɗin mastabak ba ko kusa. A motar gazuwal inji ba ya ba da wannan zuƙa da kanshi, wani ƙaramin famfo ne ke yi, a tsofaffin 504 bel ke juya shi. Bel ɗin in ya saki ko ya tsinke, birki ya yi tauri nan take.

Abin da hanya ke faɗa

Sauran alamun sai mota na tafiya. A nemi fili ko miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ba fasinja, a yi gudu kaɗan a taka.

Mota in tana fizga gefe ɗaya, tana zuwa ne wajen ƙafar da ke aiki. In ta ja dama, matsalar tana hagu. Mutane da yawa suna kwance ƙafar da ba ta da laifi. Kafin komai a daidaita iskar tayu, don taya mai ƙarancin iska ita ma tana ja. In ba shi ba ne, to ko fistan ya ƙame da tsatsa, ko mai ya jiƙa plaket. A ƙafafun baya na akori-kura, man da ke jiƙa garnitir sau da yawa ba na birki ba ne, baƙin man aksil ne da ya ɓullo ta robar da ta mutu. Ana gane shi da kauri da wari. Garnitir da ya sha mai ya tashi aiki. Wasu na wanke shi da esansi su ƙona a wuta su mayar. Yana kamawa kwana biyu, da ya yi zafi man da ke ciki ya sake fitowa.

Feda in tana bugun ƙafa, sitiyari na rawa lokacin tsayawa, faifai ya karkace ko tambur ya zama ƙwai. Ana iya kai su a sassaƙe a injin juya ƙarfe a Maraɗi ko Damagaram, amma kowane faifai yana da iyakar kauri da aka buga a jikinshi, tambur ma yana da iyakar faɗi. In an wuce nan sai canji. Kafin a yanke hukunci a girgiza tayar da hannu biyu, don boris da ya yi sako-sako yana kawo irin wannan rawa.

Ƙara iri biyu ce. Siririn kuka da safe ko bayan ƙura ba lallai ya zama matsala ba. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa, plaket ya ƙare, bayanshi ne ke cin faifai. Plaket in naman da ya rage bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba a canza, kuma ƙafa biyu tare, dama da hagu. Canza gefe ɗaya shi ke haifar da fizgar da muka ambata.

Bayan tafiya a zagaya mota a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa, ba a taɓa ba. In ɗaya ta fi sauran zafi ƙwarai ko tana warin ƙuna, birkinta ba ya saki. A nan akwai wani ɓoyayyen ciwo na tsofaffin motoci: tiyon roba yana kumbura ta ciki, waje kuma lafiya lau. Mai yana wucewa in an taka da ƙarfi, amma ba ya iya komowa. Ga yadda ake kama shi: a ɗaga ƙafar, a taka a saki, in taya ta ƙi juyawa a buɗe ɗan notin fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, matsi ne ya maƙale a layi, kuma tiyon ne abin zargi na farko. In ta ƙi saki duk da haka, fistan ne ya ƙame. In kuwa ƙafafu duka ne ke kamawa bayan an yi tafiya, a duba feda: dole ta kasance da ɗan wasa a sama kafin ta fara tura famfo, in babu, ƙaramar ƙofar da mai ke komawa kwalba ba ta buɗewa.

Man birki, inda aka fi yin ganganci

Nan za mu daɗe kaɗan. Peugeot 404 da 504 suna shan man birki mai rubutun DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwani, wanda wasu ke kira Lockheed da sunan kamfani. Waɗannan biyu suna haɗuwa da juna. DOT 5 wani abu ne dabam, ba a gauraya shi da su. Koren man nan LHM na tsofaffin Citroën ne, ba na Pijo ba. Man inji, man giya, man sitiyari, gazuwal, duk dangin fetur ne, kuma robobin birki ba sa jure su: suna kumbura su yi laushi, daga babban famfo har ƙafa huɗu. Cokali ɗaya ya isa ya jawo canjin robobin mota gaba ɗaya. Ruwan sabulu da ake zubawa a daji in mai ya ƙare, mun san ana yi, mun kuma san dalili. Amma ruwa yana tafasa a digiri 100, ya zama tururi, feda ta faɗi ƙasa, sannan ya bar tsatsa a cikin kowane silinda. Wanda larura ta sa ya yi haka, da ya iso gari a zubar a wanke layin da sabon mai, ba a bari sai wani sati ba.

Ko man kirki ma yana tsufa, don yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai wajen digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155. DOT 3 daga 205 yake saukowa 140. Shi ya sa wata mota birkinta lafiya da safe, amma da rana tsaka a watan Afrilu, da lodi, bayan an yi ta takawa, sai feda ta tafi ƙasa, in ta huce ta dawo kamar ba a yi ba. Direba ya ce aljanu ne ko tsautsayi, alhali man ne ya tafasa. Ƙa'ida a canza shi duk shekara biyu. In launinshi ya koma kamar baƙin shayi, ya wuce lokaci. Kuma a sayi gwangwani mai hatimi. Wanda ake aunawa a kwalbar da ba murfi a bakin tasha, ba wanda ya san tun yaushe yake shan iska, ko me aka ƙara mishi.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya a kujera, ɗaya a ƙafa da sifana da siririn tiyo da aka tsoma cikin kwalba mai ɗan mai. Na kujera ya taka sau uku ya riƙe, na ƙasa ya buɗe noti kaɗan, mai da kumfa su fito, ya rufe, sannan na kujera ya saki. In ya saki kafin a rufe, iska ta koma. Ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da famfo: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ana yi ana cika kwalbar sama, kada ta bushe. A tsohon famfo kada a tura feda har ƙasa, don robar za ta bi ta wurin da tsatsa ta taru ta yage. A sa guntun katako ƙarƙashin feda.

Gyaran da ba gyara ba ne

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne toshe layi. Silindan baya ya yi yoyo, sai a naɗe bututun a buge da guduma ko a cusa ƙusa, mota ta ci gaba da aiki da ƙafa uku ko biyu. Don a fito daga daji a hankali ba fasinja, an fahimta. Amma akwai motocin da suka shekara a haka. Mai saye da fasinja ba su gani, sai an leƙa ƙasa. Haka ɗaure tiyon da ya tsage da robar taya, ko like bututu da walda. Matsin da ke cikin layin birki ya ninka na taya sau da yawa, ba abin da ɗauri zai riƙe. Ku tuna kuma Pijo na farko layi ɗaya gare su: huda ɗaya, ƙafa huɗu sun tafi. Na baya ne aka yi wa layi biyu, kuma ko su, in ɗaya ya mutu rabin birki ya rage.

Sai lodi. Akori-kura 504 an yi ta don tan ɗaya da ƴan kai. Buhun gero goma na kilo ɗari ɗari sun kusa cika ta, ba a sa mutum ko ɗaya ba. Ana ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki ninki, amma ba wanda ke ƙara girman tambur. Da yawa cikin 504 suna da wani ɗan bawul a ƙasa ta baya, mai auna yadda mota ta zauna ya raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. In an ɗaga bayan mota da ƙarin sifirin, ko sandar bawul ɗin ta ƙame da laka, rabon ya ɓaci: ko baya ya ƙi kamawa da lodi, ko ya kulle mota ta juya in ba kaya. A sa makanike ya duba shi, kada a cire a yar.

Mai aiki da hannunshi kuma ya kiyaye abu biyu. Kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi. A sa katako mai faɗi da abin tokare. Kuma kada ya hure ƙurar tambur da baki ko da iskar famfo, don tsofaffin garnitir da wasu masu arha suna da asbestos, mai lalata huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Robobi da fistan da man birki ake wanke su, ba da esansi ba.

Damina da rani

Ƙasarmu ba ta da manyan gangare, abin da ke cin birki a nan yashi ne da ruwa. Yashi yana shiga tambur yana ci kamar takardar goge katako, shi ya sa motar da ke bin hanyoyin Gulbin Kaba ko ta jar ƙasa ta fi mai bin kwalta ta ɗaya, Cadawa zuwa Gazawa, saurin cinye garnitir. Da damina, duk lokacin da aka ratsa ruwa, ko a kwari ko inda tabkunan Tasawa suka malalo kan hanya, tambur ya jiƙe ba ya kamawa. Da an fito a tafi a hankali ana ɗan danna feda da sauƙi har a ji ya dawo. Bayan damina a buɗe tambur a fitar da laka, a shafa wa wayar birkin hannu mai.

In birki ya tafi ana cikin gudu: a yi ta famfon feda da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu sannu yatsa na kan maɓallin don a iya sassautawa in baya ya kulle, a nufi rairayin gefen hanya a karkace kaɗan, ba a fizge sitiyari ba. Kada a murɗa makulli a kashe, sitiyari na iya kullewa, mastabak kuma ya daina taimako.

Ga ƴan uwa da ke aiko kuɗi

In an kira ku an ce birki, ku tambayi abu huɗu. Me feda ke yi? Wace ƙafa ce? Man na raguwa ko a'a? Me za a canza, sabo ko na kwance? Ku ce a ɗauko hoton abin da ya lalace a turo ta WhatsApp kafin ku tura kuɗi, a kuma ajiye tsohon bayan an canza. Faifai da tambur na kwance ba laifi in an auna kaurinsu. Tiyo, robobi, plaket da mai kuwa sabbi kawai. Silindan da cikinshi ya yi ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta zauna ba, sai a canza shi ɗungurungum.

Wanda zai sayo kaya da kanshi, a Maraɗi ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da tsohon a hannu ko hotonshi kusa da ma'auni. Shekarar da ke kan takardar mota ba ta isa ba, don a shekaru arba'in an sha canza wa motocin nan aksil da famfo daga wata motar, kuma silindan baya na 504 ba faɗinsu ɗaya ba. In an canza na dama a canza na hagu da irinshi. Bayan an gama, sabon plaket yana buƙatar tafiyar kwana biyu zuwa uku da taka mai sauƙi kafin ya zauna daidai a jikin faifai, don haka kada a karɓo mota daga gareji da yamma a yi mata cikakken lodin kasuwa da asuba.